Wa Ya Ce Ba A Yi Wa Kaza Kuka?



Duk cikin abin da Bahaushe yake kiwo, babu wanda ya raina kamar kaza. Doki yana da kirari, saniya tana da suna a bakin mai ita, rago yana da ranarsa ta layya da ake yi masa wanka a ɗaura masa igiya sabuwa. Kaza kuwa, duba karin maganarmu ka ga yadda muka ɗauke ta. Ita ce mai ci ta goge baki. Ita ce mai tone-tonen da ke tono wuƙar yanka ta. In ana son a nuna wa mutum cewa kusanci ba zai fisshe shi ba, sai a ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Alhali kuwa in baƙo ya sauka ita ake kamawa, in mai jego tana son romo ita ce, in yaro ya kwanta ba kuɗin magani ita ake ɗaure wa ƙafa a nufi kasuwa.

To yau ni kaza zan tsaya wa. Ra'ayina shi ne, wanda ya ceci kaza daga halaka, ya yi jinyarta, sannan ta mutu a hannunsa ya zubar da hawaye, bai yi wauta ba. Abin kunyar yana wani wuri daban: a ce muna da hanyar hana mutuwar, mai arha, amma mu naɗe hannu, shekara da shekaru, muna cewa ai kaza ce.

Bari in fara da nesa kafin in dawo gida.

A ƙasashen Turawa akwai wasu wurare da ake kira gidajen ceton dabbobin gona. Sun bambanta da gidan zu, sun kuma bambanta da gidan gona. Wuri ne da ake tara dabbobin da aka tsamo daga wahala, a ciyar da su, a yi musu magani, ba yanka, ba sayarwa, har ajalinsu ya zo. Wanda ya fi suna a Amurka shi ne Farm Sanctuary, wanda Gene Baur da Lorri Houston suka kafa a 1986, yana da babban fili a garin Watkins Glen cikin jihar Niyok. Dabbar da suka fara da ita wata tunkiya ce da suka tarar an jefar a kan tarin mushe a bayan wata kasuwar dabbobi ta jihar Pensilbaniya. Suna tsaye sai ta ɗaga kai. Suka ɗauke ta, suka sa mata suna Hilda, ta rayu a hannunsu har 1997.

A Ingila kuma wata mata mai suna Jane Howorth ta kafa ƙungiyar British Hen Welfare Trust a 2005, aikinta kawai karɓo kajin ƙwai da gidajen gona suka gama moriyarsu, a raba wa masu son su riƙe su a bayan gida. A 2024 suka cika kaza miliyan ɗaya, kuma Sarki Charles na Uku ne ya karɓi ta cikon miliyan ɗin, aka kai ta gidansa na Highgrove.

Sai dai masu wannan aiki sun fi kowa sanin ɗacin rashi, domin kajin da suke cetowa ba su cika daɗewa ba. Dalili kuwa a fili yake. Kazar daji ta ƙasashen Asiya, wadda ita ce kakar duk kajin duniya, ƙwai goma sha wani abu take yi a shekara. Kazar gidan gona ta zamani an yi ta zaɓen irinta har ta kai tana zuba ƙwai kusan 300 a shekara. Kowane ɓawon ƙwai yana cin sinadarin kalsiyam wajen giram 2, in abinci bai wadatar ba daga ƙashinta jikin yake zara. Shi ya sa ƙasusuwanta kan yi taushi su karye, mahaifar ƙwanta ta kumbura ko ta yi daji, wani lokaci ƙwai ya fashe mata a ciki ya ruɓe. A irin kejin da Tarayyar Turai ta haramta tun 2012, wurin da kowace kaza take samu bai kai faɗin fallen takardar rubuta wasiƙar ofis ba. Idan ta kai mako 72 da haihuwa, ƙwai ya fara ja baya, sai a ce ta tsufa a kai ta mayanka, alhali kaza mai lafiya tana iya yin shekara shida zuwa takwas.

Irin wannan kaza ce ake kawowa gidan ceto, wuya a tsige, tukku ya koɗe, ba ta taɓa taka ƙasa ba. Masu riƙon sukan zauna su ga ranar da ta fara tono, ranar da ta fara birgima cikin turɓaya, ranar da ta fara shanya fiffike a rana. Gashi ya fito, jiki ya murje. Bayan wata shida ko shekara guda, ciwon da aka dasa mata tun tana keji ya taso ya ɗauke ta. Sai ka ga babban mutum yana haƙa rami yana share ido.

Na san mai karatu zai yi murmushi ya ce, aikin Nasara ke nan, ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ni ma ba duk tafiyarsu nake bi ba. Da yawansu so suke a daina cin nama ɗungurungum, ni kuwa abin da Allah ya halatta ban isa in haramta ba, kuma farfesun kaza bai taɓa yi mini laifi ba. Amma wannan hawaye da ake yi wa dariya ba daga Turai aka kawo shi ba. Na gan shi da idona a Lahodu, cikin ƙasar Wurno, a fuskar tsohuwar da ba ta taɓa jin sunan Amurka ya dame ta ba.

Mutanen gabashin Sakkwato ba za su manta da Satumbar 2010 ba. Ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, Gulbin Rima ya tumbatsa ya shafe gonaki da ƙauyuka, har gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a birnin Sakkwato sai da ya yanke. Cikin waɗanda ruwa ya kora akwai wata 'yar uwar gwaggona da ke aure a wani ƙauye na bakin gulbi wajen Goronyo. Ɗakinta ya faɗi, rumbu ya faɗi, awaki biyu sun tafi. Abin da ta iso Lahodu da shi shi ne ƙullin tsumma da wata jar kaza cikin kwando. Wani yaro ne mai kwalekwale ya hango kazar a maƙale kan jinkar rumbu, ta kwana biyu ruwa na kewaye da ita, ya kamo ta ya miƙa wa mai ita.

Kazar ta iso a jiƙe, ba ta iya tsayuwa. Gwaggo ta naɗe ta da tsohon zane ta ajiye kusa da murhu, tana buɗe mata baki tana ɗiga mata ruwan gero. Kwana uku ta miƙe. Yaran gidan suka sa mata suna Tsira. Da ruwa ya janye, baƙuwar za ta koma ta tada ɗaki, sai ta bar kazar wurin Gwaggo, don can ba akurki ba tsaba. Tun daga ranar Tsira ta fita daga sahun kajin yanka. Babbar Sallah ta zo ta wuce, baƙi suka zo suka tafi, Gwaggo ta ce a kama kowace ban da wannan. Kazar ta yi ƙwai goma sha ɗaya, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe tara. Gwaggo har lissafi take yi: in sun girma a sayar da zakarun, a haɗa a sai wa 'yar uwarta 'yar akuya ta sake kafa kiwo.

Sai hunturu ya shigo. Wani daga cikin mazan gidan ya samo zakara da arha a kasuwa, ya kawo ya sake shi cikin kaji. Ba a yi mako ba zakaran ya fara gyangyaɗi. Daga nan sai kaji suka bi, fiffike a sake kamar sun yafa mayafi, zawo kore, numfashi da ƙyar, wasu wuya ya murɗe suna kallon sama. Aka jiƙa ɓawon maɗaci, aka daka barkono, aka fasa kafso mai ja da rawaya cikin kasko. Cikin kwana goma gidan ya yi tsit. 'Yan tsakin suka riga, uwar ta bi su da asubar wata Laraba.

Na tarar da Gwaggo zaune bakin akurki. Wani jikanta yana dariya ya ce, "Kaka, don kaza kika kuka?"

Ta dube shi ta ce, "Yaro, gulbi bai ci ta ba, ga hannuna tam mace. Amana ta anka ba ni. Mi za ni ce ma mai ita?"

Duk wanda ya ce wannan kuka wauta ne, bai san me kaza take nufi a ƙauye ba. Namiji yana da gona, yana da sa, yana da albasa a fadama. Mace kuwa, sau da yawa kaza ce dukiyar da take tata ita kaɗai, wadda za ta sayar ba sai ta nemi izinin kowa ba. Ita ce asusunta. Daga kaza ake samun akuya, daga akuya a samu tunkiya, daga nan a fara tara kwanonin 'ya mace. Kazar Hausa ba ta neman komai wurin mai ita sai 'yar dusa da ruwan kasko, wanda albarkacinsa ma ƙadangare yake sha. Ita ke nemo abincinta, ita ke kwanci, ita ke kare 'ya'yanta daga shirwa, har ƙwan zabi ake sa mata ta ƙyanƙyashe ta yi reno kamar nata. Ga matar da ruwa ya cinye wa komai, jar kazar nan ita ce irin da za a sake shukawa. Ranar da ta mutu, akuyar da ba a saya ba ita ma ta mutu.

Ban da zancen dukiya, akwai abin da ke shiga tsakanin mutum da duk ran da ya yi jinya. Wanda ka ɗiga wa ruwa a baki, ka tashi cikin dare ka duba ko yana numfashi, ya riga ya shiga ranka, ko mutum ne ko tsuntsu. A nan tsohuwar Lahodu da Baturen Watkins Glen suka haɗu. Sun kuma haɗu a wani wurin: duka kajin biyu hannun ɗan Adam yana cikin mutuwarsu. Ta can haɗamarsa ce ta kashe ta, ya matse ta sai ta yi ƙwai 300. Ta nan kuwa sakacinmu ne.

Na ce sakaci, domin ciwon da ya share gidan Gwaggo ba baƙo ba ne. Likitocin dabbobi suna kiransa cutar Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila, kuma tun tsakanin 1926 da 1927 aka gano shi a can da tsibirin Jaba na Indonesiya. Mu dai annobar kaji muka sani, mai zuwa da iskar hunturu. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, tana bin numfashi da kashin kaza da kaskon ruwa da kwandon dillali da takalmin mai shiga gida. Idan mai tsanani ce ta faɗa cikin kajin da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya kashe kusan dukkansu. Ba ta da magani in ta kama. Kafson da muke fasawa ƙwayoyin bakteriya yake kashewa, bai san bairos ba, asarar kuɗi ce kawai. Abin da ke ƙara yaɗa ta kuma halinmu ne: da mutum ya ga kajinsa sun fara gyangyaɗi sai ya kwashe su ya kai kasuwa ya karyar, wani ya saya yana murnar arha, ya kai wa gidansa mutuwa. Wadda ta mace kuma a wurga ta bayan katanga, kare ya ja ta zuwa wata unguwa.

Amma tana da rigakafi. A da, matsalar ita ce maganin rigakafin sai da firji, kuma kwalba ɗaya ta ɗaruruwan kaji ce, wato an yi shi ne don manyan gidajen gona. A shekarun 1990 masana a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, ƙarƙashin Farfesa Peter Spradbrow, suka fitar da wani iri da ake kira I-2, wanda yake jure zafi fiye da na da, aka kuma ba ƙasashe matalauta irinsa kyauta don su riƙa haɗawa da kansu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take aiki tun 1924, tana haɗa shi. Ba allura ba ce. Ɗigo ɗaya ne a ido, ga babba ga ɗan tsako, a maimaita duk bayan wata huɗu, a kuma tabbatar an yi kafin hunturu ya kama. Ba a yi wa wadda ta riga ta kamu. A ƙasashen Mozambik da Tanzaniya an koya wa mutanen ƙauye, da yawansu mata, su riƙa bi gida gida da kwalbar a naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, suna ɗigawa ana biyansu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kajin suka daina ƙarewa duk shekara, masu ɗigawar kuma suka samu sana'a.

To me ya hana mu? Ga tsangayar koyon likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga Wurno ko Rabah ko Goronyo. Ga ma'aikatan gona a kowace ƙaramar hukuma. Abin da ya hana, a ganina, shi ne rainin nan da na fara da shi. Kaza ta mata ce da yara, mutuwarta ba ta kai a yi taro a kanta ba.

Ku tuna da Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wani gidan gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karon farko da aka ga irin wannan cuta a nahiyar Afirka. Duniya ta tashi tsaye, gwamnati ta kafa kwamitoci, aka yi ta kashe kaji ana binnewa, aka sa diyyar Naira 250 kan kowace kaza. Daidai ne a yi hakan, don cutar tana iya kama mutum. Amma annobar hunturu da ke share akurkin matan ƙauye kowace shekara ba ta da diyya, ba ta da kwamiti, ba a jin ta a rediyo. Kajin masu hali ne in sun mutu ake ƙirgawa.

Akwai wata magana mai nauyi da na san za a faɗa mini, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce, Malam, a yankin da 'yan bindiga suka kashe mutum sama da 30 a Tabanni ta ƙasar Rabah a Yulin 2018, suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 suka kashe sama da 40, kai zancen kaza kake yi? Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ran mutum ɗaya ya fi kajin duniya duka, wannan ba abin gardama ba ne. Sai dai tausayi ba tuwo ba ne da in ka ɗiba wa wani sai na wani ya ragu. Zuciyar da ta saba jin zafin ƙaramin rai ita ce ke saurin jin na babba. Yaron da aka bari yana ɗaure wa ƙadangare wuya yana ja, manya na dariya, wani darasi ake koya masa ba a sani ba.

Sannan ku dubi matan da aka kora daga ƙauyukansu. Shanu an kore, awaki an kwashe, gona ba ta shiguwa. Abin da mace za ta iya saɓawa ta gudu da shi, ta kuma kiwata a rakuɓe a gidan wani, kaza ce. A irin wannan lokaci kare ran kaza kare abincin marayu ne. Wanda yake son ya taimaki waɗannan mata, ya raba musu kaji ba tare da rigakafi ba, ya ba su aron farin cikin wata uku ne kawai.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Kowane ɗalibi ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, uwar ta zo tana karkaɗa fiffike, Annabi (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa ya sa aka mayar mata da su. Wato an kula har da baƙin cikin tsuntsuwa. A littafin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, in ya kasa a sa shi ya sayar. Sarkin Masar Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar wakafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Ashe gidan ceton dabbobi mun riga Turawa da ɗaruruwan shekaru. Kuma mu mutanen ƙasar Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi ya kuma rasu a 1837, ya kamata mu tuna cewa cikin abin da ya bari har da rubuce-rubuce kan ilmin magani. Neman magani gadonmu ne.

Ba ina kira a gina wa kaji gidan hutu a Lahodu ba. Mai yunwa ba ya ajiye kaza ta tsufa. Abin da nake roƙo kaɗan ne, kuma kowa zai iya.

Magidanci, in ka sayo kaza a kasuwa, ka ware ta mako biyu kafin ka haɗa ta da na gida, arha kuma ta sa ka tsargu. In kajinka sun kamu, ka ji tsoron Allah kada ka kai wa ɗan uwanka a kasuwa. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne. Matan unguwa da suke adashi, su ware zubi ɗaya kafin sanyi su haɗa kuɗin kwalba, a nemi ma'aikacin dabbobi ya koya wa mutum biyu ɗigawa. Shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa masu raba babura da atamfa, ku gwada raba wannan ɗigo shekara ɗaya ku ga addu'ar da za ku sha. Dillalai kuma, ku daina rataye kaji kai ƙasa a bayan babur cikin rana tun daga ƙauye har birni, ba ruwa ba inuwa. Wadda za a yanka ma tana da haƙƙi: a shayar da ita, a wasa wuƙa, kada a yanka ta a gaban 'yar uwarta.

Marubutanmu su ma ina da magana da su. Mun cika littattafanmu da motoci da gidajen sama da soyayyun kaji a faranti, amma da wuya ka ga labarin da ya tsaya ya dubi mace da kazarta a tsakar gida, alhali nan rayuwar mafi yawan iyayenmu take.

Karin maganar ta ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma gaskiya ne. Amma ba ta ce sabo ya hana tausayi ba, ba ta kuma ce a bar ta ta mutu a banza ba. Halal ne mu ci, wajibi ne mu kula. Idan ka ga wani yana jimamin dabbar da ya yi jinya, in ba za ka taya shi ba, to kada ka yi masa dariya. Ka tambaye shi me ya kashe ta, sannan ku duba ko akwai abin da za a yi kada ta gaba ta bi ta.

Allah ya sanya tausayi a zukatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu dace.